Zuwa ga Inna, kan jirgin da na hana tashi

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, da fatan Allah Ya yalwata makwancinki. Ni ne Nasiru. Ina rubuto miki daga Abuja, a kan bencin da muke cin abincin rana bayan rumfar gyaran jirage. Na san waɗanda za su karanta wannan ba ke ba ce. Duk da haka da ke nake, don shekara uku ke nan ina ɗauke da wata magana da ban samu na gaya miki ba.

Kin tuna shekarar da tsuntsayen jan-baki suka sauka wa shinkafarmu a fadamar Wurno? Muna tsaye cikin laka tun hantsi, kina jan igiyar gwangwanaye, muryarki ta dushe don kora. Sai ga ƙaramin jirgin feshi ya taso daga wajen Goronyo, ƙasa-ƙasa, har ina hango kan matuƙin. Mutane suka watse, wasu suka kwanta cikin ruwa. Ke kika dafa kaina kika ce, "Mi ka riƙe shi bisa, shi da ba ya kaɗa hwuka-hwuki?"

Sai da na yi shekaru a makarantar koyon gyaran jirgi kafin na kawo miki amsa. Kina sheƙar gero a tsakar gida na karɓi faifanki, na ɗan karkata bakinsa sama, na ce ki kaɗa shi da ƙarfi. Kika ji yana neman ƙwacewa ya yi sama. Na ce to haka fiffiken jirgi yake. Inji yana tura shi gaba da gudu, fiffiken yana danna iska ƙasa, iskar kuma ta ɗaga shi. Muddin yana gudu ba zai faɗo ba. Kika karɓi faifanki, kika busa ƙaiƙayi, kika ce, "To in ya gaji hwa?"

Na yi dariya a ranar. Amma aikina ke nan, Inna, tun daga lokacin har yau: neman inda ƙarfe ya gaji. Kafin jirgi ya tashi sai na zagaya shi da tocila da ɗan madubi, na shafa, na leƙa, na auna. In na gamsu na sa hannu a littafi. In ban sa ba, ba inda za shi.

Ranar Alhamis ɗin nan, shekara uku da suka wuce, Dije ƙanwata ta kira ni bayan sallar asuba, ta ce jikinki ya tsananta, kin daina karɓar ko kunu. Na nemi izni aka ba ni, aka kuma ajiye mini kujera a jirginmu mai zuwa Sakkwato da hantsi. Tafiyar sa'a guda ce. Na lissafa, in na sauka na ɗauki mota ta Achida, da ni za a yi azahar a Wurno. Jakata ma na zo da ita wurin aiki. Abin da ya rage kawai in duba jirgin, don a ranar ni kaɗai ne mai iznin sa hannu a kan irinsa.

A injin dama na gani. Ɗaya daga cikin ruwan farfelar da ke bakin injin ta ɗan ɓalle a gefe, kamar inda wuƙa ta ci karo da ƙashi. Mai yiwuwa tsakuwa ce ya zuƙa wajen sauka. Bai kai faɗin farcen ƙaramin yatsanki ba. Na auna sau uku. Na buɗe littafin kamfanin da ya ƙera injin, inda suka rubuta iyakar abin da za a iya bari. Namu ya wuce iyakar da ɗan kaɗan.

Kuma ba mu da madadinta. Ko ƙusa guda ta jirgi ba a ƙerawa a ƙasar nan, komai sai an aiko daga ƙasar waɗanda suka yi shi, a jira kwanaki.

Shugabana ya zo ya tsaya a kaina. Ba mugun mutum ba ne, fasinjoji sun cika ɗakin jira, waya tana ta damunsa. Ya ce a bari ya je ya dawo sau ɗaya, sannan a ajiye shi. Ya tuna mini cewa ni ma ciki zan shiga, kuma ya san abin da ke jirana a gida. Na daɗe riƙe da biro. Ta gilashi ina hango wata mata tana jijjiga goyonta. Na mayar da biron aljihu, na rubuta wa jirgin takardar hana tashi.

Babu wani jirgin Sakkwato mai gurbi a ranar. Na ruga tasha na shiga mota. Kaduna, Zariya, Funtuwa. Mun kusa Tsafe, bayan la'asar, Kawu Bello ya kira. Tun daga yadda ya yi sallama na gane. Direba ya ce ba mai wuce Gusau in rana ta faɗi, saboda halin da hanya ke ciki. A can na kwana. Kafin magariba an riga an kai ki.

Washegari Kawu ya raka ni maƙabarta. Ƙasar ba ta gama bushewa ba, ƙayar da aka ɗora ma ɗanya ce. Na tsuguna na yi addu'ar da na iya. Hawaye bai zo ba, ina nan tsugune har sai da ya kama hannuna.

Dije ba ta yi mini magana ba sai ranar uku. Tana wanke kwanuka, ba ta ɗago ba, ta ce tun hantsi kike tambaya, "Jirgin ya sabka?" Ta ce da azahar ta wuce kika kira sunana. Ke da ba ki taɓa faɗinsa ba tun da kika haife ni, don ni ne ɗan fari, sai dai ki ce "wanga yaro" ko da furfura ta fara fito mini. Kin faɗe shi sau biyu, kowa a ɗakin ya ji, ban da ni.

Da na koma aiki an riga an canza farfelar. Na tambayi waɗanda suka duba tsohuwar, da an bar ta, da ta karye a sama? Suka ce ba wanda zai iya sani. Mai yiwuwa ta yi wata guda tana tashi lafiya, mai yiwuwa ta tsage a ranar. Don haka ba zan ce miki na ceci kowa ba. Fasinjojin ma zagi suka yi ta yi, washegari suka tafi abinsu.

Na gaji, Inna. Kunnena na hagu yana ƙara ko a masallaci. Bayana ba ya son sunkuyo ƙarƙashin fiffike. Kawu ya ce garkarki ta albasa tana nan, ɗan Dije ke nomawa, in na so in dawo akwai wuri. Duk damina nakan ce bana ce ta ƙarshe, sai in ga matasan da aka kawo mana suna sauri wajen dubawa, in ce bari in ƙara shekara.

Ga maganar da na zo da ita. Na sha mayar da kaina wannan safiya, da biron a hannuna, yanzu da na san kina kira. Kowane karo ina neman in ga na sa hannu. Ban taɓa iyawa ba. Da za a maimaita, haka zan sake barinki kina jira. Wannan ne ya fi komai yi mini nauyi, kuma a kansa nake roƙon ki yafe mini.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sanyaya ƙasar da kike kwance. Ya saka miki da Aljanna kan kowace rana da kika wuni cikin laka dominmu. Ya sanyaya zuciyar Dije a kaina. Ya sa in tawa ta zo a same ni a gida. Amin.

Ɗanki da ya iso a makare,
Nasiru