Asabar ɗin Baba

Litinin, 3 ga Maris

Yau Dogo, shugaban ƙungiyar kantin haɗin gwiwa na su Baba, ya zo wai duba Baba. Bai ko gama zama ba ya ɗauko zancen dokar tsayuwa: duk ɗan ƙungiyar da ya tsallake Asabar ɗinsa uku bai tsaya a kanti ba, babu shi a ƙuri'a. Baba ya tsallake biyu tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Ga taron sayar da kantin saura mako biyu. Biri ya yi kama da mutum.

Ni ma fa sayarwar nake so, na sha faɗa. Amma ba ta wannan hanyar ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Doka ta yarda ɗa ko 'ya su tsaya wa mutum, wanda ya tsaya ɗin ma yana da tasa ƙuri'ar. Yaya ya ce shi ba ya da lokacin auna gishiri. Baba bai roƙe ni ba, ido kawai ya zuba min har na gama ba shi magani. Na ji haushi, na kuma ce to.

Asabar, 8 ga Maris

Ƙafafuna kamar ba nawa ba. Kantin duhu, rabin katakan jera kaya wayam, firji sai gurnani. Mai kuɗin da ke son saye ya ce zai rushe ya gina na zamani mai sanyi, kuma wallahi ban ga laifinsa ba.

Awona na farko na sha faɗa wurin Gwaggo Mai-sikeli, tsohuwar da ke kula da sito. Na zuba sukari na miƙa, ta ce in mayar. A nan in ka auna sai ka ɗaga hannu biyu sama, mai saye ya ga allurar sikeli da idonsa. Na ce wa ya ƙirƙiro wannan wasan yara? Ta ce ubanki.

Sai labari ya ɓalle, da ita da masu layi, kowa na gyara wa kowa. Wai zamanin da su Baba ke aiki a masaƙa ɗan kasuwa ɗaya ne a bakin ƙofa, ranar albashi kaya su tashi, yatsansa kuma kullum a kan sikeli. Su Baba suka haɗa hannu suka sayi buhu guda, suka ari sikeli, suka fara a barandar gidan su Gwaggo. Sau biyu gobara, sau ɗaya rufe masaƙa, kantin bai kwana a kulle ba. Na taso ina jin wannan a gida kamar ƙarar fanka. Yau ne na saurara.

Laraba, 12 ga Maris

Dogo ya tare ni a hanya, wai kada in bari tausayi ya rufe min ido, shi ya san ina tare da su masu son a sayar. Na ce ina nan a kan bakana.

Lahadi, 16 ga Maris

An yi taron. Zaure cike, zafi, ana ta hayaniya, har wani tela ya kira Dogo dillali. Da aka ce waɗanda ba su yarda a sayar ba, Baba ya yi ta kokawa da hannun dama, wanda ya mutun. Na raɗa masa ya ɗaga hagu mana.

"Da wannan na ɗaga ranar farko," in ji shi, da ƙyar.

Na tallafo gwiwar hannun na ɗaga masa. Nauyi kamar itace. Da aka juyo kan masu son sayarwa Baba ya karkace a kujera, na riƙe shi hannu biyu. Dogo ya dube ni ya daɗe yana jira. Ban saki Baba ba.

Ba a sayar ba, da ƙyar da jiɓin goshi. Yaya ya ce ai da na iya sakin hannu ɗaya.

Asabar, 22 ga Maris

Ba ranar Baba ba ce. Hanya ce ta biyo da ni, na tarar layi ya yi wa Gwaggo yawa, shi ke nan. Firjin nan dole a gyara shi, zan tayar da maganar a taro na gaba.

Da rana na lura ina ɗaga hannu babu wanda ya tuna min. Gwaggo ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba.