Batirin Fiyanon Abba

Unguwar Sarki, Kaduna

Yaya Ilham,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya abincin makaranta? Umma za ta kawo miki wannan wasiƙar ranar ziyara. Ki karanta ke kaɗai.

Ban gaya wa kowa ba: ni na goge sautukan tsohon fiyanon lantarkin Abba. In ya fita, nakan kunna in ɗan taɓa a ɓoye. Rannan sai ɗan gilashin da ke jikinsa ya nuna batir ya yi sanyi. Na ji tsoro, na zaci ni na cinye shi. Na kwance notin bayan da wuƙar Umma, na ciro wani ɗan batir kamar maɓalli, na kai wa mai agogo a Babbar Kasuwa ya ba ni irinsa. Da na saka na kunna, babu kalangu, babu sarewa, babu gogen da Abba ya shekara ashirin yana haɗawa tun yana aiki a gidan rediyo. Ashe batirin nan ne yake riƙe da su.

Kin san Kawu Yakubu mai gyara ya share masa ƙura makon da ya wuce. Abba ya ce shi ne. Ya je shagonsa a Doka ya yi masa faɗa gaban mutane. Yanzu ko gaisuwarsa ba ya amsawa.

Yaya zan yi?

Ƙanwarki,
Zuwaira

Zariya

Zuwaira sarkin karambani,

Wa alaikumus salam. Ke da ko ƙwan fitila ba ki iya canzawa, wa ya aike ki? Na tambayi malaminmu na kimiyya. Ya ce sai an kwashe sautukan a ajiye wani wuri kafin a cire batir, kuma da an bar shi ma zai mutu da kansa ya tafi da su. Kin ga kin riga shi ne kawai.

Ki ja bakinki ki yi shiru. Kin san Abba da hawan jini. Shi da Kawu tun ba a haife mu ba suke faɗa suna shiryawa. Ki aiko mini da yaji.

Yayarki,
Ilham

Unguwar Sarki, Kaduna

Yaya Ilham,

Assalamu alaikum. Ga yajin.

Wannan karon ba su shirya ba. Matar Kawu ta aiko da cincin, Abba ya sa aka mayar.

Jiya na biya shagon. Tun kafin in faɗa masa ni ce, Kawu ya ce, "Zauna, 'yata. Da Abbanki ya dawo mini da fiyanon ranar faɗan, ina dubawa na ga shaidar wuƙa a kan noti. Wane mai gyara ne yake aiki da wuƙa?" Na ce to me ya sa bai faɗa ba? Ya ce, "Ni na saba da fushinsa, ke ba ki saba ba. Je ki gida, ki manta."

Na yi kuka har bakin titi.

Gobe Juma'a. In Abba ya dawo masallaci ya ci abinci ya sha maganinsa, zan shiga in same shi. Kada ki rubuto ki hana ni, kafin wasiƙarki ta iso an gama.

Ki yi mini addu'a.

Ƙanwarki,
Zuwaira