Ɗana Ba Ya Wuce Malaminsa, Ko a Tseren Gudu

Zuwa ga Hedimastan makarantar da ɗana Isiyaku yake karatu a nan Jos.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da malamanka, har da Malam Tanko mai koyar da wasanni, wanda nake fatan numfashinsa ya dawo daidai. Ni ne Ɗanjuma tela na unguwar Ali Kazaure. Na zo ofishinka an ce kana taro, ni kuwa magana ta cika mini ciki, shi ya sa na biyo ta jarida.

Na ɗaya. Kai ka aiko mana tun farkon damina cewa wani mutum zai zo daga kwaleji ya zaɓi yaro ɗaya mai gudu a ajin ƙarshe, a ba shi gurbin karatu. Ka san Isiyaku, ka kuma san lissafinsa. In ta lissafi ake shiga kwaleji, mun haƙura tun yanzu. Amma ƙafa kam, Allah ya ba shi. Tun daga ranar gidana ya koma barikin soja. Ana idar da sallar asuba, cikin sanyin nan namu na Jos, yaron nan zai fita ya haye duwatsu, ya zagaya ramukan kuza ya dawo. Maƙwabcina Baba Lasisi mai burodi yana binsa a keke yana buga ƙararrawa, har sarƙar keken ta tsinke, yaro bai tsaya ba. Uwarsa ta koma dama masa gwaten acca mai kauri, ana soya masa ƙwai ƙannensa suna kallo suna haɗiyar yawu. Ni da hannuna na ɗinka masa gajeren wando, na ajiye ɗinkin mutane suna ta yi mini sintiri.

Na biyu. Ranar Asabar ɗin da ta wuce na rufe shago na zo kallon tseren zaɓen, na hau kan dutse don kada kome ya wuce ni. Aka ce za a fita daga fili, a zagaya tudu a dawo. Sai Malam Tanko ya naɗe ƙafar wando, ya ce shi zai shiga gaba ya nuna wa yara hanya. Malam Tanko mutumin kirki ne, amma ko'ina za shi tumbinsa ke riga shi isa. Ana busa usur Isiyaku ya bar sauran yara can baya, ya isa bayan Malam, ya maƙale a nan ya ƙi wuce shi. Malam ya fara haki, yaro ya rage gudu. Malam ya koma tafiya, yaro ya koma tafiya. Da Malam ya zube a kan wani dutse, sai ɗana ya durƙusa yana yi masa sannu. Bawan Allah yana ɗaga hannu wai ya wuce, bakinsa ya kasa fitar da magana, ɗana kuwa ya cire hular Malam yana yi masa fifita. Sauran yara suka zo suka wuce su fuu, kamar an kwance tumaki daga turke. Na yi ihu har muryata ta dushe.

Na uku. Wa ya koya masa wannan? Ni da kai. A gidana yaro ba ya shiga gaban babba a hanya. A makarantarka kuwa duk yaron da ya gifta gaban malami sai ya sha bulala. Bara ma kai da kanka ka kira shi gaban jama'a ka ba shi kyautar sabulu saboda ladabi. To, ranka ya daɗe, ladabin da ya ci sabulu bara ne zai hana shi kwaleji bana? Ba ni da rigima da yaron da ya zo na ɗaya, ɗan mutane ne. Amma ko shi ya san bayan wa ya yi ta kallo kafin a kai tudu.

Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai. Tun daga ranar, yaron nan bai ci abincin kirki ba, sai ya zo shago ya zauna yana taka mini keken ɗinki. Ni ƙafafuna a kan keken nan suka tsufa, ba na son nasa su bi sahu.

Kada ka ce ban gwada gyara shi ba. Jiya na fitar da shi hanya, na shiga gaba da ƙunshin yadi a hannu, na ba shi umarni ya taho da gudu ya wuce ni. Ya taho kamar iska. Yana isowa ya ja birki, ya karɓi ƙunshin ya riƙe mini. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai hawaye suka riga ni.

Na ji baƙon nan na kwaleji bai bar gari ba, sai jirgin ƙasa na ranar Alhamis. Don haka ina roƙo a sake tseren nan kafin ya tafi. A sama wa Malam Tanko kujera a inuwar mangwaro, a ba shi usur da ruwan sanyi. In don nuna hanya ne, ina da ƙyallaye buhu guda, kyauta zan ɗaura su a itatuwa. A kwashe duk wani babba daga hanya, ko mai tallan rake ne. Ni kaɗai za a bari, in tsaya a bayan layin ƙarshe in kira sunansa. Tun da aka haife shi bai taɓa bari na kira shi sau biyu ba.

Allah ya ƙara maka girma da lafiya, ya raya zuriyarka, ya ba Malam Tanko tsawon rai da tsawon numfashi, amin.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Ɗanjuma tela, uban Isiyaku,
Ali Kazaure, Jos.