Ashe Ba Maruru Ba Ne

Daren Laraba, 9 ga Rajab

Yau Hajara 'yar ƙanwata, mai aikin jinya, ta karanta min takardar da likita ya ba mu a Kano wata biyar baya. Sankarar nono ce, a yi aiki da gaggawa. Malam maigidana aka yi wa bayani da Turanci ina zaune. A mota ya ce min maruru ne, ya kira wanzami aka yi min sakiya.

Na tambaye shi ɗazu, ya sunkuyar da kai: "Ban so a yanke ki ba ne, Hajiya."

Shekara ashirin da aure ban taɓa ɓoye masa komai ba. Yanzu ƙullutun har hammata. Gobe Hajara za ta mayar da ni asibiti. Allah ya yafe min, ban nemi izininsa ba.