Abin da Kawu Antwi Bai Faɗa Ba

Litinin, 2 ga Oktoba
Mai buga littafin jana'izar Kawu yana son rubutun kowa kafin Juma'a. Nawa shafi ɗaya. A gaban dangi zan karanta, kuma alkawarin da aka yi a gaban gawa ba a janye shi.

Talata, 3 ga Oktoba
Na rubuta shekarar haihuwarsa, gonar kokonsa ta Tepa, yadda ya riƙe ni bayan rasuwar Baba. Mama ta karanta ta ce, "Oforiwaa, wannan ai katin asibiti ne. Sa cewa burinsa ki zama likita, kuma za ki koma makaranta ki cika masa." Na sa. Kowa ya san haka.

Laraba, 4 ga Oktoba
Hularsa tana nan a ƙusa, da ƙanshin busasshen koko. Na kasa wucewa ta wurin.

Alhamis, 5 ga Oktoba
Layin nan ya tsaya mini a rai. Ba na rubuta abin da ban san ranarsa ba, sai na zauna in tuna yaushe ya faɗa. Ranar da na ci jarrabawar sakandare? Mama ce ta faɗa, shi yana dakan fufu. Ranar da na zaɓi karatun cututtukan tsirrai? Ni na ba shi haƙuri, shi dariya ya yi. Ranar bikin gama jami'a, cewa ya yi, "Kin ci abinci?" Na bi su ɗaya bayan ɗaya a takarda, ban sami bakinsa a ko ɗaya ba.

Abin da na samu daban ne. Yakan kawo mini ruɓaɓɓen koko a leda har ɗakin kwanan ɗalibai, ya ce, "Malama, me ke damun mara lafiyarki?"

Juma'a, 6 ga Oktoba
Na cire layin, na sa maganar leda. Yayana Kwarteng ya ce, "Likitar bishiya, Mama za ta cinye ki ɗanya." Na miƙa wa mai bugawa takardar.

Asabar, 14 ga Oktoba
Na karanta a wurin jana'iza. Mama ba ta dube ni ba, amma da na zo kan ledar na ga kafaɗarta ta motsa. Dariya ce ko kuka, ban sani ba, don haka ba zan rubuta ba.

Lahadi, 15 ga Oktoba
Na wanke takalmin Kawu na gona. Ya yi datti ne kawai. Ya ɗan yi mini yawa, amma da safa biyu yana zama.