Jan Fentin da Ke Kan Notin Birki

Daga:
Malamar Aji Uku,
Makarantar firamaren da ke ƙasan gangare,
matar mamba mai mota lamba 27.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Tsaro,
Ƙungiyar Masu Tseren Motoci na Ƙarshen Mako.

Laraba, 14 ga Mayu.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: DOKAR DUBA MOTOCI MAKO GUDA KAFIN TSERE, DA HATSARIN DA TA JAWO A ƘOFAR MAKARANTA

Bayan gaisuwa ta girmamawa gare ka da sauran 'yan kwamiti, ina rubuto wannan takarda ne a matsayina na matar ɗaya daga cikin mambobinku, wanda a filin tsere kuke kira Auta saboda ba a taɓa ganin ya riga kowa isowa ba. Ni ba mamba ba ce, ban taɓa zagaya filinku ko sau ɗaya ba. Amma motar da yake tsere da ita ranar Asabar ita ce nake kai yara makaranta da ita sauran ranakun mako, domin ita kaɗai gare mu.

Ina roƙon a karanta takardar nan kafin Lahadi mai zuwa, 18 ga wata. A ranar ce jami'in duba motoci zai sake duba motocin da za su shiga tseren 24 ga wata, ya shafa musu jan fenti, ya sake su cikin gari da birkin da ba ya kamawa da sanyin safiya. Biyu daga cikin motocin nan suna sauke yara a ƙofar makarantar da nake koyarwa. Ga ƙorafina dalla-dalla:

1. A da, kamar yadda Yallaɓai ya sani, da safiyar ranar tsere ake duba mota. Mamba zai zo da takalmin birkinsa na fili a cikin kwali, ya ɗaga mota a jak a ƙarƙashin rumfa, ya cire na titi ya sa na fili, jami'i ya duba. In an tashi da yamma, sai ya mayar da na titi ya koma gida. Maigidana ya yi shekaru yana haka, ya dawo min da riga baƙa ƙirin, in yi mita in wanke. A watan Fabrairu sabon jami'i ya mayar da dubawar ranar Lahadin da ke gaban tsere. Ya kuma kawo tsarin ja wa notin birki layin jan fenti, wanda in aka ga ya tsinke, an kori mamba daga tsere har ƙarshen shekara. An ce an yi haka ne don wani ya taɓa sauya takalmi da mai araha bayan an duba shi. Ban raina wannan dalili ba. Sai dai wanda ya tsara dokar ya manta cewa yawancin mambobinku ba su da motar da ake ajiyewa a lulluɓe tana jiran Asabar. Da ita ake zuwa kasuwa, da ita ake zuwa asibiti.

2. Ban san bambancin takalmin birki ba sai da abin da ya faru ya faru, yanzu kuwa na san shi fiye da yadda nake so. Na titi yana kamawa tun takun farko, ko da mota ta kwana a cikin raɓa, amma in aka matsa masa da gudu ya yi zafi sai ya saki. Shi ya sa ba ku yarda da shi a fili ba, kuma kun yi daidai. Na fili kuwa sai ya yi zafi sosai yake kamawa. In yana da sanyi, ƙara yake yi yana zamewa a kan farantin birki. A jikin kwalinsa ma an rubuta da manyan haruffa cewa ba na titin jama'a ba ne. Wannan takalmin ne dokarku ta ɗaure a ƙafar motarmu ranar Lahadi, 27 ga Afrilu, ta kuma hana a taɓa shi.

3. Ranar Litinin na tuƙa motar, na ji tana kuka duk inda na taka, mutane na waiwayowa. Da na faɗa wa maigidana, sai ya ce haka yake yi, in riƙa takawa da wuri da ɗan ƙarfi. Abin da ke tsakanina da shi kan wannan amsa na cikin gida ne, kuma ina tabbatar wa Yallaɓai ba a bar shi haka ba.

Ranar Talata, 29 ga Afrilu, an kwana ana yayyafi. Na ɗauki 'yan biyuna muka fita. Daga gidanmu zuwa makaranta babu danja, babu cunkoson da zai sa a yi ta taka birki har ya ɗumama. Titin yana gangarowa ne ya miƙe har ƙofar makaranta, inda maigadinmu, dattijon da yara ke kira Baba Usur, yake tsayar da motoci yana tsallakar da su. Ban wuce gudun da na saba ba. Na hango Baba ya ɗaga hannu, yara sun fara tsallakawa, na taka birki daidai shagon mai gyaran takalma, inda nake takawa kullum. Ƙafata ta ji tauri kamar na taka bulo, motar kuwa tana tafiya abinta. Na danna da ƙafa biyu har na tashi daga kujera. Na ja birkin hannu, bayan motar ya fara karkacewa. Wata yarinya 'yar aji ɗaya jakarta ta faɗi a tsakiyar titi, ta sunkuya za ta ɗauka, ko kallon inda nake ba ta yi ba. Baba ne ya fizge ta ya wurga gefe. Motar ta same shi a gwiwa, ta haɗa ƙafarsa da ginshiƙin ƙofa, sannan ta ga damar tsayawa.

Yallaɓai, ina ƙoƙarin rubuta wannan cikin ladabi. Yaran ajina suna tsaye a wurin, sun ga malamarsu ce a bayan sitiyari.

4. An yi wa Baba aiki sau biyu, an sa masa ƙarfe. Likita ya ce zai taka, amma tsayuwar safe da yamma a bakin titi ta ƙare masa. Duk lokacin da na je duba shi, shi ne ke ba ni haƙuri, yana tambayata wa ke tsallakar da 'yan nazare, domin su ba sa jin tsawa sai an riƙe hannunsu. Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Na ba 'yan sanda bayanina, kuma duk abin da hukuma ta yanke a kaina zan ɗauka. Ban zo neman ko sisi daga ƙungiyarku ba, ban kuma zo neman wanda zan jingina wa laifina ba. Ɗaya daga cikin 'yan biyuna har yau ba ya shiga motar sai ya tambaye ni ko babansa ya canza mata takalmi.

5. Ranar Litinin, 5 ga Mayu, na je ofishin ƙungiya na sami jami'in duba motoci, na tafi masa da kwalin takalmin. Tsakani da Allah ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni kujera, ya jajanta. Daga nan sai ya shaida min cewa ikon ƙungiya ya tsaya ne a shingen fili, abin da ya faru a titi ba huruminsa ba ne. Ya ce fentinsa a kan noti yake, bai shafa shi a kan makullin mota ba, ba wanda ya tilasta min tuƙi. Ya ƙara da cewa mai son tsere ya kamata ya tanadi mota biyu. Da na nuna masa rubutun da ke jikin kwali, ya ce ya fi ni ganinsa.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne bayanin da ya biyo baya, wanda ya yi min shi yana murmushi kamar mai koya wa yaro karatu. Wai sabon takalmi yana bukatar ya zauna a kan faranti kafin a shiga tsere da shi, kuma a da mambobi suna ɓata masa safiyar Asabar suna zagaye don takalmi ya zauna. Yanzu kuwa, in ji shi, yawon mako guda a cikin gari yana yi musu wannan aiki, a zo Asabar a fara kan lokaci. Ashe ba mantuwa aka yi ba, da gangan ake sakin motocin nan a titi. Titin da 'ya'yanmu ke tsallakawa da jakunkuna a baya shi aka mayar wurin gwajin birki, don kada a makara ranar Asabar. Na tashi na fito ban yi masa sallama ba, kuma ina neman afuwar kwamiti kan wannan rashin ladabi.

6. A yammacin ranar hatsarin maigidana ya kwance notin da hannunsa, ya mayar da takalmin titi, layin fenti ya tsinke. Ranar Asabar, 3 ga Mayu, aka kafe sanarwa a allon ƙungiya cewa an dakatar da mota lamba 27 saboda taɓa hatimin fenti. Ina so a fahimce ni sarai: ban rubuto don a mayar da shi ba. In da ta ni ce, ya zauna gida har abada ya koyi shuka fulawa. Amma ina so kwamiti ya dubi abin da sanarwar nan ta koya wa sauran mambobi. Mutum ɗaya ne ya cire takalmin fili daga motar da ke ɗaukar yara, kuma shi kaɗai aka hukunta. Kowa ya karanta, kowa ya gane.

7. Na bincika a shagon kayan mota, aka nuna min cewa akwai takalmi iri na uku, na tsaka-tsaki, wanda ke kamawa da sanyi, yake kuma jure zafi daidai gwargwado. An ce bai kai na fili zalla ƙarfi ba in gudu ya yi gudu, kuma yana saurin cinyewa. Ni ba gwana ba ce, ba zan ce ya isa filinku ba. Abin da na sani shi ne jami'i ba ya karɓarsa ko kaɗan, ba a kuma taɓa zama an tattauna ko ya dace da ƙananan motoci irin tamu, waɗanda ko a fili ba wani gudun a zo a gani suke yi ba. Mamba mai mota ɗaya ba a bar masa zaɓi ba: ko ya haƙura da tsere, ko ya ba iyalinsa motar da ba ta tsayawa.

Saboda haka, cikin ladabi, nake roƙon Mai Girma Shugaba da kwamitinsa:

(a) A dakatar da dubawar ranar Lahadi, 18 ga wata, a mayar da ita safiyar ranar tsere kamar da. In ana tsoron masu sauya takalmi, a shafa fentin a bakin fili, a kuma tabbatar kowa ya mayar da na titi kafin ya fita ƙofa da yamma.

(b) In ba za a iya haka ba, duk motar da aka shafa wa fenti ta kwana a filinku, kada ta taka titi sai an gama tsere.

(c) A sanar da iyalan mambobi kai tsaye, ba mambobin kaɗai ba, domin sau da yawa ba wanda ya sa takalmin ne ke tuƙa motar da safe ba.

(d) A zauna a duba batun takalmin tsaka-tsaki ga masu mota ɗaya.

Ranka ya daɗe, kafin in rubuto maka na gwada bin ta ƙasa. Na sami matan mambobi biyun nan da ke kawo yara makarantarmu. Ta farko ta ji ni, ta ce za ta riƙa hawa tasi. Ta biyun ta koma ta tambayi mijinta, wanda shi ke matsayi na biyu a tseren bana, ta dawo ta ce min ya ce babu komai, ta dai riƙa takawa da wuri. Yara uku take ɗaukowa, kuma ta gangaren nan take biyowa.

Makaranta ba ta sami wanda zai maye gurbin Baba ba tukuna, don haka malamai ne ke karɓa-karɓa a bakin titi. Makon da zai fara ranar Litinin, 19 ga wata, nawa ne. An ce in ba zan iya ba a sauya ni, na ce zan iya. Zan tsaya a tsakiyar titin, 'yan nazare suna riƙe da gefen zanena, in ɗaga wa motar baiwar Allahn nan hannu. Ina roƙon Yallaɓai ya amsa min kafin ranar, in san ko za ta tsaya.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya, ya ba shi ikon duba wannan kuka da idon rahama.

Taka cikin ladabi da girmamawa,

(sa hannu)
Malamar Aji Uku,
matar mai mota lamba 27.

Kwafi zuwa ga: Shugabar makaranta, iyalan Baba Usur.