Ranar da Yaya Baiwa ta kira sunan ’yar fari

Obiagu, Enugu

Zuwa ga Yaya Badaru,

Bayan sallama da gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, kai da iyali. Yaya ciwon gwiwar? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya hana mu shanya.

Yaya, an gama shari’ar Khairiyya, ’yar Yaya Baiwa, da mutumin nan da ya yi mata fyaɗe. Tun farko lauyan gwamnati ya gaya mana cewa ko shakka kaɗan ta shiga ran alƙali, sallamar mutumin za a yi, Khairiyya ta ci gaba da haɗuwa da shi a hanyar kasuwa. Ita ta faɗi nata. Saura shaidar uwarta, wadda ta tsince ta a bayan wani shago da la’asar ɗin ranar da abin ya faru.

Ka san Yaya Baiwa da kunya, ko ɗan okada ba ta iya yi wa ciniki. Ta ba da labari tiryan-tiryan ta bakin tafinta, amma daga “yarinyar” sai “ita”, kanta a sunkuye. Lauyan mutumin ya miƙe ya ce wace irin uwa ce ba ta ambaton sunan ’yarta, ba ta ko kallonta? Wai hayarta aka yi, aka koya mata zance. Tafinta ya so ya bayyana cewa alkunyar ’yar fari ce, aka ce shi ba shaida ba ne. Na ga alƙali, wadda mace ce, ta ajiye biro.

Alƙali ta tambayi Yaya Baiwa ko za ta iya nuna wadda take magana a kai, ta faɗi sunanta. Ni kuwa na riga na sadaƙar. Sai ta ɗago kai, ta dubi ’yarta ido cikin ido, ta kira sunan cikakke, har da na ubanta, da muryar da ban san tana da ita ba. Yaya, shekara goma sha tara Khairiyya ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba. Ba wanda ya tambayi Khairiyya, amma daga inda take zaune ta amsa da na’am, ta fashe da kuka. Wallahi ban taɓa ganin kwarjini irin na Yaya Baiwa a ranar ba.

Ranar hukunci alƙali ta ce ba ta sami abin shakka a shaidar uwar ba. An ɗaure shi.

Ka gaishe da Inna Kubura, da Maijidda, da Imrana. Khairiyya na gaishe ka. Ta ce in gaya maka a gida an koma “ke yarinya”, amma ita ta riga ta ji.

Ƙanwarka,
Fatsuma